Abin da Na Ɗauko Daga Gidan Gwaggo

Nassarawa G.R.A., Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya. Allah Ya tsare min ke a garin da ba ki san kowa ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin bautar ƙasar nan, Ya dawo mana da ke cikin ƙoshin lafiya.

Na ba mahaifiyarki wannan takarda ta saka miki a akwati saboda na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki, ba zan wuce "ki kula da salla, ki kama kanki" ba, in sallame ki. Labarin gida kuwa babu wanda zan ba ki, jiya-jiya kika bar shi. Labarin kaina zan ba ki, wanda ban taɓa ba wani ɗa nawa ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a baranda na ji ki da mahaifiyarki a falo. Ƙawarki Zainab ta yi alkawarin zuwa ta taya ki haɗa kaya, ba ta zo ba, ba ta kuma kira ba. Na ji kin ce, "Dama na sani. Haka mutane suke, in ka sake da su sai su watsar da kai." Da ta kira washegari kika kife wayar a kan tebur. Ummi, muryata na ji tana fitowa daga bakinki. Na ajiye jaridar da ke hannuna, na daɗe ban iya ɗaukarta ba.

Ina da shekara shida, Baffanki Habu yana da takwas, mahaifinmu ya saki Inna, wadda kika ci sunanta. Da safe ne. Ta zaunar da mu ta ba mu koko da ƙosai, ta gyara min wuyan riga, ta ce za ta je ƙauye ta dawo. Na zauna a zaure ina kallon hanya har aka kira la'asar. Mahaifinmu fataucin goro yake yi, ba ya zama gari, don haka aka kai mu cikin gari wurin yayarsa, Gwaggo Rabi.

Kada ki ɗauka muguwa ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, ta kuma riƙe mu da iyakar ƙarfinta. Ita ta kai mu makaranta, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Sai dai tana da kaifin harshe. Wata rana ta aike ni sayen man gyaɗa, na yi tuntuɓe kwalbar ta fashe. Ta dube ni ta ce, "Da wannan sakarcin naka ai dole uwarka ta gudu ta bar ka."

Ba kullum take faɗin haka ba. Duk zamanmu da ita bai fi sau uku ko huɗu ba. Ta faɗa wa Yaya Habu irinta shi ma, ya ɗaga kai ya ce mata, "Ƙarya ne, Baba ne ya kore ta." Ya sha mari, ya share hawaye, ya fice wurin ƙwallo. Ni kuwa na shige ɗaki da maganar, na zauna da ita. Gida ɗaya, tuwo ɗaya, magana ɗaya, amma shi ta wuce ta gefen kunnensa, ni ta zauna min a ƙirji. Tun muna ƙanana haka Allah Ya yi mu. Shi mai kutsawa ne, in ya ga baƙo sai ya je ya taɓa masa agogo. Ni in na ga baƙo bayan ƙofa nake laɓewa.

Abu biyu na haddace a gidan nan ba tare da na san na haddace su ba. Na farko, duk wanda kake so tafiya zai yi. Na biyu, ba a riƙe mutum sai in ba shi da laifi ko ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kaina su da baki ba. Haka kawai nake ganin duniya, kamar yadda nake ganin rana tana fitowa daga gabas.

Abin da ya sa na daɗe ban gane su ba shi ne sun yi min amfani. Tsoron kuskure ya sa ban taɓa zuwa na biyu a aji ba. Shi ya kai ni Zariya karatun injiniya, shi ya kai ni kujerar darakta lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, shi ya kawo mu gidan nan mai bishiyoyin mangwaro. Ana cewa, "Injiniya Nasiru ba ya wasa da aiki." Ni ma na ɗauka kyawun hali ne. Ban san yaro ne mai jin tsoron a kore shi ba. Don haka ga shawarata ta farko: in aka yabe ki a kan wani hali, ki zauna ki tambayi kanki ko don son abin kike yinsa, ko don tsoron abin da zai faru in kin bari. Na farkon yana ƙara wa mutum lafiya. Na biyun cinye shi yake yi a hankali, ana tafa masa.

Mutum na farko da ya ɗanɗana kuɗarsa a hannuna mahaifiyarki ce. Da aka haife ki, iyayenta suka zo suka tafi da ita wankan jego kamar yadda kowa yake yi da haihuwar fari. Ni da kaina na kai ku a mota. Amma da na dawo na buɗe ƙofa na tarar da gida shiru, sai wani abu ya taso min wanda ban san sunansa ba. Kwana arba'in ɗin nan sau biyu kacal na leƙa ku, shi ma a tsaye. Da ta dawo na yi wata guda ba na haɗa ido da ita. Ta kawo abinci in ce na ƙoshi.

Wata rana da yamma ta tare ni a bakin ƙofa, kina goye a bayanta. Ta ce, "Don Allah me na yi maka?"

Na ce, "Ba komai."

Ta ce, "Wanka fa na je, ba yaji na yi ba. Kai ka kai ni da hannunka."

Na wuce ta. Me zan ce? In ce mata ina fushi ne da wata mace da ta ba ni koko da ƙosai shekara ashirin da wani abu da suka wuce? Ni kaina ban san haka ba ne. Allah Ya saka wa mahaifiyarki da alheri, da wata ce da tuni ta gaji. Ke dai kada ki hukunta mutum da shiru. Wanda kika yi wa shiru ba ya sanin laifinsa, sai ya yi ta lalube, ke kuma kina ƙirga masa kowane lalube a matsayin sabon laifi. In abu ya yi miki ciwo ki buɗe baki ki ce ya yi miki ciwo, ko da muryarki tana rawa.

Kina iya tuna Malam Yohanna, wanda yake zuwa koya miki lissafi ranar Asabar. Mutumin Zariya ne, Kirista, malamin sakandare, yana zaune a Badawa da iyalinsa. Abokina ne tun muna ɗalibai, ɗaki ɗaya muka zauna. In azumi ya zo ba ya cin abinci a gabana, in Kirsimeti ta zo matarsa tana aiko mana da shinkafa da kaza. In akwai wanda na taɓa sakin jiki da shi a duniya, shi ne.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan rikicin da ya faru a Kaduna, zaman gari ya yi tsami. Jita-jita ta yi yawa, kowa na kallon maƙwabcinsa. Wata Asabar da hantsi ya zo, bai shigo ba, ya tsaya a jikin motata. Ya ce, "Nasiru, matata ta kasa barci. Ina tunanin in kwashe su mu koma gida Zariya, sai ƙura ta lafa." Ya zuba min ido.

Na ji ƙirjina ya yi sanyi ƙalau. Abin da ya zo min kawai shi ne, ga shi nan, shi ma zai tafi. Na ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya." Na miƙa masa hannu kamar wanda ya zo ofis neman sa hannu, na juya na shige gida. Ya aiko min da wasiƙa biyu daga Zariya, na karanta, na saka a aljihun tebur. Kika yi ta tambayata ina Malam, na ce miki ya yi tafiya.

Ga ɗakuna biyu a bayan gidan nan babu kowa a ciki. Ga katanga, ga unguwa da babu mai shigowa da fitina. Ko sau ɗaya bai faɗo min a rai in ce masa ya kawo su nan ba. Ina can ina jinyar ciwona, ban ga tsoron da ke fuskar abokina ba. Wannan ita ce illar abin: yana cika wa mutum ido da kansa har ya kasa ganin wanda ke tsaye a gabansa.

Shi ya sa nake roƙonki ki kira Zainab. Mahaifiyarki ta bincika, ranar nan mahaifin Zainab ɗin aka kwantar a asibiti, a can ta wuni. Amma ko da babu wannan uzurin, ki kira ta. Wanda bai zo ba ran Talata ba shi ne wanda ya watsar da ke ba.

Yanzu in koma kan Inna. Bayan rabuwarsu da mahaifinmu ta yi wani aure a ƙauye, mijin ya rasu, Yaya Habu ya ɗauko ta ya ajiye ta a gidansa na Kawaji. Na sa miki sunanta ne don kada a ce ban yi ba, zuciyata ba ta huce ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan biya. In durƙusa a bakin tabarma, in gaishe ta, in tambayi ƙafarta, in miƙe. Ban taɓa rage ta da komai na buƙata ba, ina kuma ganin na sauke hakki. Takan ce, "Nasiru, ba ka ɗan ƙara zama? Ga fura an dama."

In ce, "Akwai aiki, Inna."

Ta ce, "To, Allah Ya yi albarka."

Shekara goma sha wani abu muna haka. Ban taɓa shan furar nan ba. Ban taɓa tambayarta me ya sa ba ta dawo ba, domin a ganina na riga na san amsa.

Ta rasu bayan jinyar kwana biyar. A rana ta biyu ta zaman makoki ina zaune a rumfa sai na ga wani mai furfura ya cire takalmi ya durƙusa a gabana. Malam Yohanna ne. Ya ji labari ya taso tun daga Zariya. Bayan ya yi min ta'aziyya na raka shi bakin titi, kunya ta hana ni ɗaga kai. Na ce, "Yohanna, ban kyauta maka ba."

Ya ce, "Ba ɗaki na zo nema ba ran nan. So nake ka ce min kada in tafi. Da ka faɗa, ko da na tafi ɗin, da na san ina da ɗan'uwa a Kano." Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya wuce. Je ka, mutane na jiranka."

Washegari, bayan an yi sadakar uku mutane sun ragu, muka rage ni da Yaya Habu a kan tabarma. Ban san abin da ya sa ba, sai na ce masa, "Har ta koma ga Allah ba ta gaya min dalilin da ya sa ko leƙo mu ba ta yi ba."

Ya juyo ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Wa ya ce ba ta leƙo ba? Shekara uku tana zuwa. Duk wata sai ta hau motar kasuwa ta zo. Baba ne ya bar wa Gwaggo umarni, a zaure ake tsayar da ita a ce muna makaranta. Sau biyu ina haura katanga ina cim mata a bakin hanya."

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

Ya ce, "Na gaya maka, Nasiru. Har alewar da ta ba ni in kawo maka na kawo. Ka jefar, ka ce ƙarya nake yi, ka toshe kunnuwanka da yatsu."

Wallahi, Ummi, ban tuna ba. Har yau da nake rubuta miki ban tuna ba. Amma na san gaskiya ya faɗa, domin na san mai toshe kunnen nan, da shi na rayu shekara hamsin. An kawo min hujja har hannu tun ina yaro, na ƙi karɓa saboda ba ta dace da abin da na riga na yarda da shi ba.

Bayan nan na kwanta ciwo. Ba na cin abinci, ba na son magana, jinina ya hau. Likitanmu ya auna ni ya ce akwai wani abokin aikinsa da yake duba masu damuwa, in je in gan shi. Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Mahaifiyarki ta ɗauki makullin mota ta ce, "Ba wanda ya ce kai mahaukaci ne. Tashi mu je." Na tashi.

Yaro ne matashi, na girme shi nesa ba kusa ba. Na yi zaton magani zai rubuta min, sai ya yi ta saurarona mako bayan mako. Abin da na fahimta daga gare shi zan faɗa miki da kalmomina. Akwai halin da ake haihuwar mutum da shi: wani mai saurin firgita ne, wani mai kutsawa, wani ba ya jin daɗi sai a cikin mutane. Wannan babu laifin kowa a ciki, kuma ba ya cika canzawa. Sai kuma darasin da yaro yake ɗauka daga abin da ya same shi, ya mayar da shi doka, ya girma yana auna kowa da ita. Yaro mai saurin firgita ya fi saurin ɗaukar irin wannan darasi, ya kuma fi riƙe shi, shi ya sa abin ya kama ni ya bar Yaya Habu. Sannan akwai halin da mutum yake gina wa kansa da ya yi hankali: ɗaukar nauyin abin da ya aikata, iya zama da mutane, sanin inda ya dosa. A nan ne ake da zaɓi.

Na tambaye shi ko abin zai fita gaba ɗaya. Ya ce kada in sa rai da haka, amma zan iya koyon gane muryarsa in ya taso. Gaskiya ya faɗa. Har yanzu in mahaifiyarki ta je unguwa ta daɗe, sanyin nan yana sauko min a ƙirji. Bambancin kawai yanzu nakan ce a raina, wannan yaron zaure ne, ba ni ba ne. In yi alwala, in jira, in ta shigo in yi mata sannu da zuwa. Wani lokacin ina cin nasara, wani lokacin ba na ci.

Ke ma idan kika ji abin ya fi ƙarfinki a can, ki nemi irin wannan likita, kada ki ji kunya. Addu'a da neman magani ba sa faɗa da juna.

Saura laifina a kanki, wanda shi ne ya fi yi min nauyi. Tun kina jaririya na san irina ce ke. Ƙarar ƙofa tana firgita ki, baƙo ya miƙo hannu ki ƙanƙame zanen uwarki. Ƙaninki Sadiƙ kuwa Baffansa ya ɗauko. Ya kamata a ce ni na fi kowa sanin yadda ake lallaɓa yaro irinki. Maimakon haka, kina aji biyu na sakandare kika tare ni a bakin mota da gudu, takardar sakamako a hannunki, kina haki kina cewa, "Abba, na zo ta biyu!" Na karɓa, na duba, na ce, "Wa ya zo na ɗaya?" Na ga yadda fuskarki ta mutu. Na miƙa miki takardar na wuce. Sadiƙ na yi masa abin da ya fi haka, ya yi dariya ya tafi hawan keke. Ke kuwa daga ran nan ba ki sake tarata a bakin mota ba. Ban taɓa zaginki ba, ban taɓa dukanki ba, amma abin da Gwaggo ta zuba min na juye miki shi tsaf.

Akwai kuma abin da kike zaton ban sani ba. A shekararki ta uku a jami'a kin faɗi darasi ɗaya, kika maimaita shi a ɓoye, kika roƙi mahaifiyarki kada ta gaya min. Ta gaya min a makon. Ta ce kin rame, kina shiga banɗaki ki yi kuka don kada a ji. Na zo har ƙofar ɗakinki da rana, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na kasa. Ba fushi nake yi ba. Kunya ce ta kama ni, da na ga 'yata ta gwammace ta haɗiye ciwo ita kaɗai shekara guda da ta zo ta faɗa wa ubanta. Na koma ɗakina na yi kamar ban sani ba, na bar ki da shi. Wannan ragwanta ce, kuma tawa ce.

Ki yafe min, Ummi. Abin da ya kamata in faɗa miki a bakin ƙofar nan shi ne: faɗuwa jarrabawa ba ta rage ki da komai a wurina ba. Ba don kina ƙoƙari nake son ki ba. Ran da aka miƙo min ke a asibiti ba ki ci jarrabawar komai ba, kuma ran nan na ji abin da ban taɓa ji ba.

Saurin jin abu da Allah Ya yi ki da shi ba aibi ba ne. Shi ya sa kike gane mahaifiyarki ba ta da lafiya tun kafin ta faɗa. Ki riƙe shi. Abin da nake so ki ajiye shi ne wanda ni na ɗora miki a kai. A can za ki yi kuskure, dole ne. Wani zai yi miki faɗa a gaban mutane, wani aikin zai lalace a hannunki. Ran da hakan ta faru, ni za ki fara kira. Ba zan tambaye ki yadda aka yi ba. Zan tambaye ki ko kin ci abinci.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki abokan zama na gari, Ya jiƙan Inna da Gwaggo baki ɗaya. Allah Ya yi miki albarka, Ya nuna min ranar da za ki dawo ina raye.

Wassalamu alaikum.

Abbanki,
Nasiru